Kotun gunduma a Amurka: yadda take aiki da yadda ake duba takardunta

A watan Yulin 2023 lauyoyin Atiku Abubakar suka shigar da buƙata a wata kotu da ke Shikago, suna neman a tilasta wa Jami'ar Jihar Shikago ta fito da takardun karatun Bola Tinubu. Kafin watan ya fita sun janye buƙatar, kotu ta rufe fayil. Nan da nan labari ya karaɗe Facebook da WhatsApp cewa kotun Amurka ta yi watsi da ƙarar Atiku. Ba a cika wata biyu ba sai ga wani labarin, wai kotun Amurka ta umarci jami'ar ta miƙa takardun. Mutane da yawa suka rasa na kamawa, har wasu suka ɗauka alƙali ɗaya ne ya yi amai ya lashe.

Kotuna biyu ne daban. Ta farko ita ce kotun gundumar Cook, wadda ke ƙarƙashin jihar Illinois. Ta biyu kotun tarayya ce ta Arewacin Illinois, inda alƙali Jeffrey Gilbert ya ba da umarni a watan Satumba, mai shari'a Nancy Maldonado kuma ta tabbatar da shi a ƙarshen watan. Tsakanin gine-ginen biyu tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci, amma kowacce da dokarta, da alƙalanta, da magatakardanta, da inda take ajiye takardunta. Ba siyasar ce ta kawo ni nan ba. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, duk wanda ya san wace kotu ce, ya kuma san yadda ake duba rajistarta, da bai tsaya jiran wani ya fassara masa ba. Gani ya kori ji.

Amurka tana da tsarin kotuna iri biyu da ke tafiya tare. Na tarayya yana da kotunan matakin farko 94, da kotunan ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli mai alƙalai tara a Washington. Su muka fi ji a labarai, amma abin da suke saurara kaɗan ne: laifin da ya saɓa wa dokar tarayya, karayar arziki, rigimar da ta taɓa tsarin mulkin ƙasa, da wasu ƙararraki tsakanin mutanen jihohi daban-daban. Fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'un ƙasar a kotunan jihohi ake yin su, kuma waɗannan kotuna gunduma-gunduma suke zama. Kisan kai, fashi, rabuwar aure, riƙon yara, gado, rikicin mai gida da ɗan haya, bashi, tarar gudu da mota, duk can suke zuwa. Ba'amurke zai iya rayuwarsa har ya mutu bai taka kotun tarayya ba, amma da wuya sunansa bai shiga wata takarda a kotun gunduma ba.

Gundumomin sun haura 3,000, kuma kowace jiha da irin nata fasalin. A Kalifoniya kowace ɗaya daga cikin gundumomi 58 tana da babbar kotunta. A New York kuwa kotun matakin farko ce ke ɗauke da sunan da a ko'ina yake nufin kotun ƙoli, shi ya sa shari'ar da aka yi wa Donald Trump a Manhattan a 2024, inda aka same shi da laifuka 34, ta rikita masu ba da labari da dama, alhali a matakin farko aka yi ta. Tunda ba za a iya bin su duka ba, bari mu tsaya a kan gundumar Cook, domin tana da girma, kuma duk wata matsala da alherin wannan tsari ana ganinsu a cikinta ƙarara.

Kotu ɗaya, ƙofofi da yawa

Gundumar Cook ta ƙunshi birnin Shikago da garuruwa sama da 100 da ke kewaye da shi. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutane fiye da miliyan 5.2, wato Los Angeles ce kawai ta fi ta. Kafin 1964 akwai kotuna 161 a cikinta, hurumin wannan yana shiga na wancan, mai ƙara bai san inda zai dosa ba. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin jihar ya haɗe su wuri guda suka zama kotu ɗaya, mai alƙalai kusan 400 a ƙarƙashin babban alƙali ɗaya, wanda takwarorinsa ke zaɓa. Timothy Evans ya hau wannan kujera a 2001, ya kuma riƙe ta sama da shekara ashirin.

Ko da yake da sunan gunduma ake kiranta, kotun ta jiha ce. Dokar Illinois take aiki da ita, jihar ce ke biyan albashin alƙalai, kuma wanda bai gamsu da hukunci ba kotun ɗaukaka ƙara ta jiha zai nufa, daga nan sai Kotun Ƙolin Illinois mai alƙalai bakwai, uku daga cikinsu daga Cook. Gunduma ita ke ɗaukar gine-gine, da ofishin magatakarda, da gidan yari, da masu gabatar da ƙara, da lauyoyin da ke kare talaka kyauta.

An rarraba aikin sashe-sashe. A tsakiyar birni akwai doguwar benen Daley, wadda aka kammala a 1965, da ƙaton gunkin ƙarfe na mai zane Picasso a filin gabanta. Nan ake yawancin shari'un da ba na laifi ba. Sashe ɗaya na manyan ƙararrakin diyya ne. Wani na gado ne da kula da dukiyar marayu da masu rauni. Wani na aure ne da riƙon yara da kuɗin ciyarwa. Akwai kuma wanda suke kira Chancery, inda ba kuɗi ake nema ba sai dai a ce alƙali ya tilasta wa wani ya yi abu ko ya daina, nan ma ake shari'ar ƙwace gidan da aka kasa biyan bashinsa. Ƙananan ƙararraki, daga dala 10,000 zuwa ƙasa, suna da tasu hanya mai sauƙi da mutum zai iya bi ba lauya. Waɗanda ke bayan gari kuma suna da kotuna biyar a Skokie, Rolling Meadows, Maywood, Bridgeview da Markham. Manyan laifukan birni ana kai su wani tsohon gini da aka buɗe a 1929 a mahaɗar titi na 26 da titin California, daf da gidan yarin gunduma. A 2012 aka sa masa sunan tsohon alƙali George Leighton, amma lauyoyi da 'yan jarida har yau da sunan mahaɗar titin suke kiransa.

Abin da zai fi ba ɗan Najeriya ko ɗan Nijar mamaki shi ne yadda ake samun alƙalan. Zaɓensu ake yi. Lauya ya tsaya takara a ƙarƙashin jam'iyya, ya manna fosta, ya ci, ya yi shekara shida. In wa'adin ya cika ba ya sake karawa da kowa, sai dai a sa sunansa a takardar ƙuri'a a tambayi jama'a ko ya ci gaba ko a'a, kuma sai ya samu kashi 60 cikin 100. Akwai wani rukunin alƙalai da su zaɓaɓɓun ke naɗawa na shekara huɗu. Masu goyon bayan tsarin suna cewa alƙali ya san akwai ranar da zai tsaya gaban mutanen da yake yanke wa hukunci. Ni dai ina ganin wannan hujja ta fi ƙarfi a takarda. Mai zaɓe yakan tarar da sunaye masu yawa da bai taɓa ji ba, ya dangwala musu duka ya wuce. Daga 1990 ba a ƙara sauke alƙali ko ɗaya ta wannan hanya a Cook ba sai a 2018. Kuma a wannan kotun ce hukumar FBI ta yi binciken sirri da aka sani da Greylord a shekarun 1980, wanda ya kai ga tuhumar mutum 92, ciki har da alƙalai 17 da lauyoyi da dama, kan sayar da shari'a. Zaɓe bai hana wannan ba.

Mai gabatar da ƙara na gunduma ma zaɓaɓɓe ne, haka sherif mai kula da gidan yari da tsaron kotu da kai sammaci, haka shi kansa magatakardan kotu.

Yadda shari'a ke tafiya

In 'yan sanda suka kama mutum kan babban laifi, wato wanda hukuncinsa ke kai shekara ɗaya ko fiye a kurkuku, a mafi yawan lokuta sai ofishin mai gabatar da ƙara ya duba hujjoji ya amince kafin a tuhume shi. Dole a kai shi gaban alƙali cikin sa'o'i 48. A da nan ake yanka kuɗin beli, mai shi ya fita, marar shi ya kwana a tsare ko da laifinsa bai taka kara ya karya ba. Daga 18 ga Satumba 2023 Illinois ta zama jiha ta farko da ta soke belin kuɗi gaba ɗaya. Yanzu in gwamnati tana son a tsare mutum sai ta rubuta buƙata, ta nuna cewa haɗari ne ga wani ko zai gudu, alƙali ya saurari ɓangarorin biyu. Bayan haka ko dai alƙali ya duba ko akwai dalilin ci gaba, ko a kai maganar gaban wani kwamitin 'yan ƙasa da ke zama a asirce ya amince da tuhumar. Sannan a karanta wa mutum tuhuma, ya amsa ko ya musa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ana ba shi, kuma ofishin da ke wannan aiki a Cook tun 1930 yake, tun kafin Kotun Ƙoli ta wajabta hakan a kan dukkan jihohi a 1963.

Doka ta ce wanda ke tsare a fara shari'arsa cikin kwana 120. Amma duk ɗagewar da lauyansa ya nema ko ya yarda da ita ba ta shiga lissafi, shi ya sa ake samun mutanen da suka shekara uku ko huɗu a gidan yarin gunduma ba a yanke musu hukunci ba. Kuma mafi yawan shari'u ba sa kaiwa gaban mutum 12 ɗin nan masu taya alƙali yanke hukunci da muke gani a talabijin. Ciniki ake yi: ka amsa ƙaramin laifi, a janye babba.

Ta ɓangaren da ba na laifi ba, mai ƙara ya rubuta ƙorafinsa, ya biya kuɗin shigarwa ko ya nemi a yafe masa in talaka ne, a kai wa wanda ake ƙara sammaci. A manyan ƙararraki yana da kwana 30 ya amsa. In ya yi shiru, alƙali zai iya ba mai ƙara abin da ya nema ba tare da an ji ta bakin ɗayan ba. Kamfanonin karɓar bashi sun daɗe suna cin gajiyar wannan, domin mutane da yawa ba sa zuwa, wasu don tsoro, wasu don ba za su iya barin aiki ba, wasu kuma sammacin bai taɓa isa hannunsu ba. Tun 2018 ta intanet ake shigar da irin waɗannan takardu a Illinois.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana barin takarda a baya, kuma duk takardun hannun ofishi ɗaya suke faɗawa.

Teburin magatakarda

Dokar Illinois da ta tsara aikin magatakardan kotu ta bayyana cewa rajistoci da takardun da suke ajiyewa na jama'a ne, kuma kowa na da damar dubawa ba tare da ya biya ko sisi ba. Kwafi ne ake saya. Ba a tambayar ka ko kai wane ne, ko me ya haɗa ka da shari'ar, ko kai ɗan ƙasa ne. Kotun Ƙolin Amurka ma ta amince a 1978 cewa jama'a na da haƙƙin duba takardun kotu, a 1980 kuma ta ce shari'ar laifi a buɗe ake yin ta sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Wani abu da kan rikita mutane shi ne, dokar 'yancin samun bayanai ta jihar ba ta hau kan kotuna ba. Da ita za ka nemi takardu a wurin 'yan sanda ko ofishin magajin gari, amma fayil ɗin shari'a ta hannun magatakarda ake samunsa.

Wannan haƙƙi ba ado ba ne. Ran 20 ga Oktoba 2014 wani ɗan sanda mai suna Jason Van Dyke ya harbi Laquan McDonald, yaro baƙar fata ɗan shekara 17, har sau 16 a kan titi a Shikago. Bayanin farko da aka bayar shi ne yaron ya yo kan 'yan sanda da wuƙa. Akwai bidiyon kyamarar motar 'yan sanda, amma birni ya ƙi sakinsa sama da shekara guda. Wani ɗan jarida mai zaman kansa, Brandon Smith, ya kai ƙara kotun gunduma, alƙali Franklin Valderrama ya ce a fito da shi. Ran 24 ga Nuwamba 2015 duniya ta ga yaron yana tafiya yana nesa da su lokacin da aka buɗe masa wuta. A ranar ce aka tuhumi ɗan sandan da kisa. A Oktoban 2018 aka same shi da laifi, a Janairun 2019 kuma aka yanke masa wata 81 a kurkuku.

Sai dai a cikin wannan shari'ar ma an ga yadda ake rufe ƙofa ba tare da an ce an rufe ba. Alƙalin da ya saurare ta, Vincent Gaughan, ya umarci lauyoyi su riƙa kai takardunsu ɗakinsa kai tsaye maimakon ofishin magatakarda. Babu wanda ya soke dokar da ta ce takardu na jama'a ne, amma in ka je tebur ka tambaya babu abin da za a miƙo maka. Kafafen yaɗa labarai suka haɗu suka kai kuka Kotun Ƙolin Illinois, wadda a Mayun 2018 ta ce a mayar da shigar da takardu wurin magatakarda. A ganina nan ne zuciyar maganar take. Buɗewar kotu ba ta tsaya ga abin da aka rubuta a kundi ba, tana rataye ne a kan ko takarda ta isa teburin da jama'a ke iya zuwa, da kuma yaushe ta isa. Kan wannan "yaushe" ɗin wani kamfanin labaran kotu, Courthouse News, ya maka magatakarda Dorothy Brown a kotun tarayya a 2017, cewa sababbin ƙararrakin da ake shigarwa ta intanet suna kwana kafin a bari a gan su. Ya ci a matakin farko, amma kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba hurumin tarayya ba ne ta tsara wa kotun jiha yadda za ta tafiyar da rajistarta. Ofishin da ake wannan rigima a kansa har cikin shekarun 2010 da hannu ake cike umarnin alƙali a kan takarda mai kabon. Brown ta riƙe shi daga 2000 zuwa 2020, Iris Martinez ta gaje ta, a ƙarshen 2024 kuma Mariyana Spyropoulos ta karɓa.

To, mai neman takarda ta ina zai fara? Da lambar shari'a, in yana da ita. Lambar tana magana da kanta: shekara ce a gaba, sai harafin sashe, sai jerin lambobi. L na manyan ƙararrakin diyya ne, CH na Chancery, D na aure, P na gado, CR na manyan laifuka, M1 kuma na ƙananan shari'un cikin birni. Wanda aka turo wa wata takarda aka ce daga kotun Shikago take, wai wani attajiri ya mutu ya bar masa gado, abu na farko ya nemi wannan lamba, ya je shafin magatakardan kotun da kansa ya saka ta, kada ya bi adireshin da aka turo masa. In babu lamba sai a yi amfani da suna, kuma nan ake yawan zaluntar mutane, domin a cikin mutum miliyan biyar masu suna iri ɗaya ba sa ƙirguwa. Samun sunan wani a rajista ba ya nufin shi ne.

Abin da shafin ke nuna wa wanda ba lauya ba yawanci jerin abubuwan da suka faru ne: ran kaza an shigar da ƙara, ran kaza an kai sammaci, ran kaza an ɗage, ran kaza alƙali wane ya yi umarni. Su takardun kansu, da kuma bayanan shari'un laifi, an daɗe ana ganinsu ne a kwamfutocin da aka ajiye wa jama'a a cikin kotuna. Zuwa da kai ya fi saƙo, amma mai zuwa ginin Leighton ya sani cewa tun 2013 aka hana jama'a shiga da waya, sai lauyoyi da 'yan jarida da wasu 'yan tsiraru. Ke nan biro da takarda za ka riƙe, ka bi layin bincike, ka zauna gaban kwamfuta ka kwafi lambobi da hannu, sannan ka je tebur ka biya kuɗin kwafi. In hukuma za ka kai wa, sai ka ce a buga maka hatimin magatakarda, in kuma wata ƙasa za ta tafi, sai ta ƙara bi ta ofishin Sakataren Jihar Illinois. Wanda ke nesa yana iya nema ta wasiƙa ko ya wakilta wani.

Kalmomin da aka furta a zaman kotu ba sa cikin fayil. Akwai ofishin masu ɗaukar magana daban, kuma shafi-shafi ake biya. Takardar haihuwa da ta aure da ta mutuwa da ta mallakar gida ma ba na kotu ba ne, suna wurin wani jami'i daban, magatakardan gunduma. Takardar rabuwar aure ce ke kotu, tunda alƙali ne ya raba. Masu neman tarihin kakanni kuwa akwai taskar tsofaffin fayiloli a benen Daley, amma daga 1871 take farawa, domin gobarar da ta cinye Shikago a Oktoban wannan shekara ta haɗa da na baya. Shari'ar tarayya kuma ba za ka same ta a nan ba sam. Tana da nata rumbun na intanet mai suna PACER, inda ake cajin santi 10 a kowane shafi, kuma ana yafewa in abin da ka kashe a wata uku bai wuce dala 30 ba.

Samun takarda abu ɗaya ne, iya karanta ta wani abu ne. Takardar da ta fi yawo a wayoyi ita ce ta farko, ƙorafin mai ƙara ko tuhumar gwamnati, saboda ita ce mai zafi. Alhali zargi ne kawai, ɓangare ɗaya ne ya rubuta, kuma tambarin kotu da ke kanta yana nufin an karɓa, ba an gaskata ba. Layin ƙarshe na rajista ya kamata a nema. Can za ka ga ko an janye, ko an yi sulhu, ko an kore ta ta yadda ba za a iya dawo da ita ba, ko an bar ƙofa a buɗe kamar yadda aka yi wa buƙatar Atiku ta farko. A shari'ar laifi in ka ga nolle prosequi, gwamnati ce ta janye. In ka ga SOL, an cire shari'ar daga jadawali amma mai gabatar da ƙara zai iya dawo da ita cikin wani wa'adi. Akwai kuma sa ido na kotu da ake yi wa masu ƙananan laifuka, wanda in mutum ya kammala lafiya dokar Illinois ba ta lissafa shi a matsayin wanda aka yanke wa hukunci.

Abin da aka rufe, da wanda ya kamata a rufe

Ba komai ne a buɗe ba. Shari'ar yara masu laifi, da ta yaran da aka ƙwace daga iyaye, da ta ɗaukar riƙon ɗa, da ta masu taɓin hankali, duk a killace suke. Ƙa'idar Kotun Ƙolin jihar ta hana a bar cikakkiyar lambar shaidar ɗan ƙasa ko lambar asusun banki a cikin takardar da jama'a za su gani. Alƙali ma zai iya rufe wani fayil, amma sai ya faɗi dalili.

Damuwata ta fi karkata ga abin da ya rage a buɗe. Ƙofar da ta fito da bidiyon Laquan ita ce kamfanonin tattara bayanai ke bi su kwashe sunaye su sayar wa masu gidajen haya da masu ɗaukar aiki. Matar da mai gida ya kai ƙara don ya tashe ta, ko da daga baya an kori ƙarar, sunanta ya riga ya shiga. In ta je neman wani gidan, kwamfuta za ta nuna an taɓa kai ta kotun haya, kuma ba kowane mai gida ne zai tsaya karanta yadda aka ƙare ba. Haka saurayin da aka kama aka sake ba tare da an same shi da komai ba. Attajiri yana da lauyan da zai sasanta maganarsa a waje da sharaɗin kowa ya ja bakinsa, talaka kuwa fayil ɗinsa yana nan kowa ya gani. A zamanin da sai ka hau bas ka je ka buɗe kundi, wahalar neman ce ke kare irin waɗannan mutane. Yau kariyar ta tafi, shi ya sa ba na ɗaukar jinkirin sa komai a intanet a matsayin lalaci tsantsa, ko da yake akwai lalacin a ciki. Abin da ya dace a gaggauta buɗewa shi ne abin da ke nuna yadda alƙali da ɗan sanda da mai gabatar da ƙara suka yi aikinsu.

Illinois ta ba da hanyoyi biyu na rage wannan. Ana iya goge bayanin kamun da bai kai ga hukunci ba, ana kuma iya killace wasu hukunce-hukuncen ta yadda 'yan sanda da kotu ne kawai za su gan su. A 2017 aka faɗaɗa jerin laifukan da za a iya killacewa sosai. Da jihar ta halatta tabar wiwi daga 1 ga Janairu 2020, gwamnan jihar, Pritzker, ya yafe wa mutum sama da 11,000 ƙananan laifukan da suka shafe ta ana jajibirin ranar. Amma a yawancin lokuta sai mutum ya cike takarda ya shigar, mai gabatar da ƙara da 'yan sanda su samu damar ƙalubalanta, a jira alƙali. Kuma umarnin kotu ba ya bin kowane kwafin da wani kamfani ya riga ya kwasa.

Ga 'yan uwanmu da ke zaune can da takardar zama ko suke neman zama 'yan ƙasa, akwai tarko a nan. Hukumar shige da fice ta tarayya ce, ba ta aiki da ma'anar da jiha ta bayar. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambayar duk wani kamu, har wanda aka goge ko aka killace, kuma sa idon da Illinois ba ta ɗauka hukunci ba, dokar tarayya za ta iya ɗaukarsa hukunci in mutum ya amsa laifi kafin a ba shi. Jami'in zai nemi takardar da ke nuna yadda shari'ar ta ƙare, mai hatimin magatakarda. Wanda ya riga ya sa aka goge fayil ɗinsa zai iya zuwa tebur a ce masa babu komai a ƙarƙashin wannan lamba, sai ya koma gaban alƙali neman a buɗe. Don haka kafin a shigar da buƙatar gogewa, a fara karɓar kwafi biyu ko uku masu hatimi a ajiye, a kuma nuna su ga lauyan da ya san dokar shige da fice.